Kama da wane ba ta wane

Tun wajejen shekarar 1990 ake taƙaddama a jami'o'in Amurka a kan tauna magana. Wasu na ganin wajibi ne a guji kalmomin da ke muzanta wata al'umma, wasu kuwa na ganin wannan takunkumi ne ga baki. A cikin wannan taƙaddama wata al'ada ta yaɗu: duk ɗan gwagwarmayar da aka hana wa dandali, ko aka gurfanar gaban alƙali, sai magoya bayansa su kwatanta shi da Rosa Parks ko Martin Luther King.

Hujjarsu tana da tushe. Jin ra'ayin jama'a da cibiyar Gallup ta yi a 1966 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na Amurkawa ba sa ganin King da kyau. An kuma nemi toshe bakin tafiyarsa ta hanyar shari'a. A 1960 jaridar New York Times ta buga wata sanarwa ta goyon bayansa, sai kwamishinan ƴan sandan Montgomery, L. B. Sullivan, ya kai ƙarar ɓata suna, kotun jihar Alabama ta ba shi diyyar dala 500,000. Sai a 1964 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin.

Amma inuwar da ta rufe King ta rufe maƙiyansa ma. A 1969 kotun nan ta soke ɗaurin da aka yanke wa Clarence Brandenburg, wani jagoran ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, tana mai cewa ba a hukunta magana sai in tana ingiza mutane ga keta doka nan take. Thurgood Marshall, baƙin mutum na farko a wannan kotu, yana cikin alƙalan. Doka ta ba Brandenburg damar magana, ba ta ba shi darajar King ba.

Ashe ke nan shan tsana ko shiga kurkuku ba su ne ma'auni ba. Lokacin da aka kama Parks ranar 1 ga Disamba 1955, abin da ta nema shi ne kujerar da ake ba kowa, kuma baƙaƙen Montgomery suka yi kwana 381 suna ƙaurace wa motocin safa ba tare da makami ba. A wasiƙarsa ta gidan kason Birmingham a 1963, King ya shimfiɗa sharaɗi: mai saɓa dokar zalunci ya yi a fili, ba da ƙiyayya ba, ya kuma amshi hukuncinta.

Saboda haka malamin tarihi zai kyauta in ya raba wa ɗalibansa tambayoyi biyu. Ta farko, shin wane yana da haƙƙin magana? Sau da yawa amsar ita ce i. Ta biyu, me yake nema da maganar: a buɗe wa wasu ƙofa ne, ko a rufe musu ita? A nan ake gane magajin King da mai aron rigarsa.