Monty Python: Yadda Samari Shida Suka Mayar da Shirme Sana'a

Wani dogon mutum ya shiga shagon sayar da tsuntsaye a Ingila riƙe da keji, fuska a murtuke. Ƙorafinsa ɗaya ne: akun da aka sayar masa ɗazu matacce ne. Mai shago ya ce sam, hutawa yake yi. Mutumin ya kwarara wa tsuntsun ihu a kunne, ya zaro shi ya ƙwanƙwasa a kan kanta, ya wurga shi sama ya faɗo tim. Mai shago ko a jikinsa, ya ce ai wannan bugun ne ya sumar da shi. Ashe ma ƙusa aka sa aka kafe ƙafafunsa a jikin sanda don a ga kamar a tsaye yake.

A watan Disamba na 1969 aka nuna wannan guntun wasa a talabijin ɗin BBC, John Cleese ne mai ƙorafi, Michael Palin mai shago. Bayan shekara 21, Firaminista Margaret Thatcher ta tsaya gaban taron jam'iyyarta ta ari zancen mataccen akun don ta yi wa jam'iyyar Liberal Democrats shaguɓe, saboda sabon tambarinsu tsuntsu ne. Ba ta buƙaci yin bayani ba. Zauren ya gane.

Ƙungiyar da ta haifi wannan wasa, Monty Python, tushenta jami'o'i biyu ne masu tsohuwar gasa a tsakaninsu. Daga Cambridge aka samu Cleese, wanda ya karanta shari'a, da Graham Chapman, wanda ya zama cikakken likita, da Eric Idle, wanda ya karanta adabin Ingilishi. Dukkansu sun goge a Footlights, ƙungiyar wasan barkwanci ta ɗaliban jami'ar. Daga Oxford kuwa aka samu Terry Jones da Michael Palin, ɗaya adabi, ɗaya tarihi. Na shidansu, Terry Gilliam, Ba'amurke ne mai zane, kuma a New York ya fara haɗuwa da Cleese, lokacin da yake aiki a wata mujallar barkwanci mai suna Help!

Kafin a san fuskokinsu, marubuta ne. Turawan Birtaniya biyar ɗin duk sun yi wa shirin David Frost, The Frost Report, rubutu a 1966 da 1967. Daga nan suka rabu gida biyu: Cleese da Chapman suka yi At Last the 1948 Show, su kuma Idle da Jones da Palin suka yi Do Not Adjust Your Set, shirin yara wanda manya ma suka riƙa kallo, kuma a nan zanen Gilliam mai motsi ya fara ɗaukar ido. Cleese ya so yin aiki da Palin. Palin bai zo shi kaɗai ba, ya taho da abokan aikinsa uku. Haka aka zama shida a 1969.

Barry Took, mai ba BBC shawara kan shirye-shiryen raha, shi ya kai su gaban shugaban sashen, Michael Mills. Kamar yadda su da kansu suka sha ba da labari, da aka tambaye su me shirin zai ƙunsa, sai kame-kame: ba su san ko za a sa kiɗa ba, ba su san ko za a gayyaci baƙi ba, ko suna ba su da shi. Duk da haka Mills ya ba su kashi 13. Sunan ma sai da aka sha fama, aka gwada wannan aka yar, kafin a tsaya kan Monty Python's Flying Circus, wanda ba ya nufin komai: babu wani Monty a cikinsu, babu mesa, babu mai tashi sama. Kashi na farko ya fita ranar Lahadi, 5 ga Oktoba, 1969, dab da sha ɗayan dare, lokacin da yawancin jama'a sun kwanta. Wasu yankunan ƙasar ma sukan cire shi su sa nasu shirin.

Abin da suka zo da shi sabo shi ne ƙin rufe wasa. Al'adar da suka tarar ita ce kowane guntun wasa ya ƙare da wata magana mai tayar da shewa. A matsayinsu na marubuta sun sha ganin wasa mai kyau ya lalace a ƙarshe saboda an rasa irin wannan magana. Da suka ga Spike Milligan ya yi watsi da ƙa'idar a shirinsa Q5 a farkon 1969, sai suka ƙudura su wuce shi. Wasa na tsakiya sai Chapman ya shigo da kakin kanar ɗin soja ya ce shirmen ya yi yawa, a tsaya. Ko wani mai sulke ya zo ya maka wa mai magana kazar roba a ka. Ko katon ƙarfe mai nauyin tan 16 ya faɗo daga sama. Zanen Gilliam, wanda yake yankowa daga tsofaffin hotuna, shi ke ɗinke wannan da wancan. Katuwar ƙafar nan da ke tattake komai a farkon shirin, daga wani zanen Bronzino na ƙarni na 16 ya yanko ta, wanda ke rataye a babban gidan zane na Landan.

Rubutun kansa da tsari ake yin sa. Cleese da Chapman su zauna tare, kuma nasu yawanci cacar baki ce, mutum biyu a shago ko ofis, ɗaya na tafasa a hankali. Jones da Palin su zauna tare, nasu ya fi karkata ga abin da ido zai gani. Idle shi kaɗai yake rubutu, gwanin wasa da kalmomi da waƙa. Sai a haɗu a karanta. Abin da ya ba sauran dariya ya shiga, wanda bai ba su ba ya sha ƙasa. Ko mataccen akun nan, tun asali labarin wani mai gareji ne da Palin ya sani, wanda ba ya taɓa yarda mota ta lalace. Cleese ya mayar da shi na'urar gasa burodi, Chapman ya ce a'a, a sa aku.

Kusan duk wasanninsu da aka fi so, masu iko da masu ƙa'ida suke yi wa tsiya. A zango na biyu, 1970, Cleese ya fito da kwat da hula da jakar hannu, cikakken ma'aikacin gwamnati, yana cilla dogayen ƙafafunsa kamar zalɓe ya sha ƙwaya, zuwa ofishinsa a Ma'aikatar Tafiyar Shirme. Can wani ya zo neman tallafin gwamnati don ya inganta tasa tafiyar, aka duba aka ce shirmenta bai kai ba. A wani wasan na 1972, mutum ya biya fam ɗaya don a yi musu da shi na minti biyar, ya ɓuge da musu kan ko abin da suke yi ya cancanci a kira shi musu. Masu son ƙwallo kuwa nasu shi ne wasan da aka shirya wa talabijin ɗin Jamus: masana falsafar Girka da na Jamus a fili, Confucius na alƙalanci. An busa usur, kowa ya kama yawo yana tunani, ƙwallo na zaune a tsakiya. Sai dab da tashi Archimedes ya farga cewa bugawa ake yi, Socrates ya sa kai ya ci, Karl Marx ya dage cewa satar gida ce.

Bayan zango uku Cleese ya gaji, yana ganin sun fara maimaita kansu, ya janye daga shirin talabijin ɗin. Sauran suka yi kashi shida a 1974 suka rufe. Jimla kashi 45.

A shekarar da shirin ya mutu a gida ya rayu a Amurka. Wata tashar talabijin ta jama'a a Dallas, KERA, ta fara nuna shi a 1974, sauran tashoshin irinta suka bi sahu. A 1975 babbar tashar ABC ta sayi kashi shida na ƙarshe, ta datse minti 24 daga cikin minti 90 na farko don ta sa talla, ta kuma cire abin da take ganin bai dace ba. Gilliam da Palin suka tafi kotu a New York. Hujjarsu ita ce yarjejeniyarsu da BBC ba ta yarda a taɓa rubutunsu ba da izininsu ba, kuma BBC ba za ta sayar wa wani ikon da ita kanta ba ta da shi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 1976. Sulhun da ya biyo baya ya mallaka musu shirye-shiryen kansu, abin da ba kasafai 'yan wasa ke samu daga BBC ba.

A fagen fim, talauci ne ya zama musu jari. Fim ɗinsu na farko, na 1971, tsofaffin wasanni ne aka sake ɗauka. Na biyu, Monty Python and the Holy Grail na 1975, labarin Sarki Arthur ne da jarumansa, Jones da Gilliam suka ba da umarni, ba wanda ya taɓa yin babban fim a cikinsu. Kamfanonin fim sun ƙi sa kuɗi, sai mawaƙa irin su Pink Floyd da Led Zeppelin suka yi karo-karo, kuma duka kasafin bai kai fam dubu 300 ba. Babu kuɗin dawaki, don haka sarki ke sukuwa da ƙafa, bawansa na biye yana kaɗa ɓawon kwakwa biyu. Hukumomi suka hana su gidajen sarautar Sikotland da ke hannun gwamnati, sai suka ɗauki gidan Doune ta fuskoki daban-daban a matsayin gidaje da yawa. A ciki ne Baƙin Jarumi ke rasa hannuwa da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya yana cewa bai ji komai ba, kuma wani farin zomo ke karkashe mazaje. Da aka zo babban yaƙin ƙarshe, motar 'yan sandan zamani ta iso ta kama sarki, wani ɗan sanda ya toshe kyamara.

Life of Brian na 1979 shi ya fi tayar da ƙura. Labarin wani talaka ne, Brian, da aka haifa dare ɗaya da Annabi Isa (AS) a maƙwabta, jama'a suka ɗauke shi mai ceto yana ta rantsuwar ba shi ba ne. Saura kwanaki a fara ɗauka, kamfanin EMI ya janye. George Harrison na ƙungiyar Beatles ya jinginar da gidansa, ya kafa kamfanin HandMade Films ya biya, dalilinsa kawai yana son ya ga fim ɗin. Aka ɗauka a Tunisiya. Chapman, wanda ya sha fama da giya lokacin fim ɗin baya, ya riga ya daina. Shi ya fito a Brian, shi ne kuma likitan tawagar. Cikin fitowar da aka fi tunawa akwai ta ƙungiyoyin 'yan tawaye masu kusan suna ɗaya, waɗanda suka fi tsanar juna a kan Rumawan da suka mamaye su, da ta sojan Rum da ya kama Brian yana rubutun ɓatanci a bango, ya gyara masa nahawun Latin, ya sa shi ya maimaita sau ɗari. Malaman coci suka yi tir, ƙasashen Ireland da Norway suka haramta shi, haka wasu ƙananan hukumomin Birtaniya. Cleese da Palin suka fuskanci Bishop na Southwark da marubuci Malcolm Muggeridge a talabijin, suna cewa makauniyar biyayya suke zolaya, malaman na cewa cin mutuncin addini ne.

The Meaning of Life na 1983 ya ci babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes, kuma shi ne na ƙarshe. Kowa ya kama gabansa. Cleese, wanda tuni ya yi shirin Fawlty Towers, ya yi fim ɗin A Fish Called Wanda, Gilliam ya zama babban darakta, Jones ya koma tarihin tsakiyar zamani. Palin ya zama matafiyin BBC, har shirinsa na Sahara na 2002 ya kai shi Nijar, wurin taron makiyaya na Ingal da ayarin raƙuman Abzinawa. Chapman ya rasu da ciwon daji ranar 4 ga Oktoba, 1989, yana da shekara 48, saura kwana ɗaya shirin ya cika shekara 20.

Shari'a ce ta sake haɗa su. Idle ya mayar da labarin Sarki Arthur wasan dandamali mai waƙa, Spamalot, wanda ya ci kyautar Tony a 2005. Furodusan tsohon fim ɗin, Mark Forstater, ya kai ƙara kan kasonsa, ya yi nasara a 2013, kuɗin shari'a ya hau kansu. Don su biya, dattawa biyar suka hau dandamalin O2 na Landan a Yulin 2014. Tikitin daren farko ya ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya, dare ɗaya ya koma goma, aka sake fito da keji da mataccen aku. Jones ya rasu a Janairun 2020.

Sunansu ya shiga ƙamus ɗin Oxford a matsayin siffar barkwanci marar kan gado, ya kuma shiga kwamfuta ta ƙofa biyu. Saƙonnin banza da ke cika akwatin imel ana kiran su spam ne saboda wani wasansu na 1970, inda kusan duk abincin da ke gidan cin abinci sai an cusa masa naman gwangwani mai wannan suna, wasu mayaƙan Viking kuma na rera sunan har ba a jin maganar kowa. A ƙarshen 1989 kuma wani ɗan Holland, Guido van Rossum, ya fara ƙirƙirar sabon harshen sarrafa kwamfuta, ya raɗa masa Python saboda son da yake yi wa shirin. Tambarin harshen a yau macizai biyu ne, amma ɗalibin da ya buɗe littafin koyonsa zai tarar misalan cike suke da spam da ƙwai.