Labarin 'Yar Robar Jijiya, Da Yadda A Ke Hana Ta Toshewa

Yau hirarmu ta lafiya a kan wata 'yar roba ce wadda yawancinku kun taɓa gani a bayan hannun majinyaci, an manne ta da filasta. Ma'aikatan asibiti suna ce mata kanula. Ta nan a ke yi wa mutum ƙarin ruwa, ta nan kuma a ke tura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin jijiya, ba sai an yi ta sukansa da allura kullum ba. A zamanin nan akan sallami mara lafiya ya koma gida da ita a hannu, ya riƙa zuwa ɗakin shan magani ana ba shi allurarsa, ko kuwa ma'aikacin lafiya ya bi shi gida.

To, robar nan tana da abokan gaba biyu. Na ɗaya gudan jini, wanda ke toshe ta. Na biyu ƙwayoyin cuta, waɗanda ke bin ta su shiga jiki. Likitoci sun yi fiye da shekara 300 suna fama da su. Kowace doka malamin asibiti ya gaya muku game da robar nan, akwai labarin da ya haife ta, shi kuwa za mu ba ku yau.

Gashin dinya da mafitsara

Kafin a yi tunanin sa magani a jijiya, sai da aka gane cewa jini zagayawa ya ke yi. Wani likitan Alƙahira, Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini ke fita daga zuciya ya bi ta huhu ya komo. A 1628 Likita William Harvey na Ingila ya nuna cewa zuciya ce ke tura jini ya gewaye jiki duka. Ashe ke nan abin da aka zuba a jijiyar hannu, nan da nan zai kai ko'ina.

A 1656, a garin Oksfod na Ingila, wani masani mai suna Christopher Wren ya gwada. Ya ɗaure karan gashin dinya a bakin mafitsarar dabba, ya cika ta da giya da maganin sa barci, ya matse cikin jijiyar kare. Kare ya yi laushi kamar wanda ya bugu, daga baya ya farfaɗo. Waɗansu suka gwada irin wannan a kan mutane, abin bai yi kyau ba: jini ya daskare a bututu, wurin sukar ya ruɓe. Aka ajiye dabarar shekaru masu yawa.

Annobar kwalara

A 1831 cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta shiga Ingila tana kashe mutane. Wani saurayin likita, O'Shaughnessy, ya bincika jinin masu cutar, ya tarar ruwa da gishirin da ke cikinsa sun tsiyaye. Likita Thomas Latta na garin Leith a ƙasar Sikotilan ya karanta wannan, ya ce to, a mayar musu da abin da suka rasa.

A 1832 ya sami wata tsohuwa wadda an riga an fid da rai da ita. Ya sa bututu a jijiyar hannunta, ya yi ta tura ruwan gishiri mai ɗumi. Ba a jima ba numfashinta ya daidaita, idonta ya buɗe, ta yi magana. Da likitan ya tafi ya huta, amai da gudawa suka komo, ta rasu bayan 'yan sa'o'i. Waɗansu daga cikin majinyatansa sun rayu, amma da yawa sun mutu. A lokacin ba a san ma'aunin gishirin da ya dace ba, ba a kuma san akwai ƙwayoyin cuta cikin ruwan da ido ke gani garau ba. Latta ya rasu a 1833, aka manta da aikinsa shekaru da dama.

Hannu mai tsabta, ruwa mai tsabta

A 1847 Likita Semmelweis, a wani asibitin haihuwa na birnin Biyana, ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan magani kafin su taɓa masu jego. Mutuwar mata ta ragu ƙwarai, ko da ya ke 'yan'uwansa likitoci da yawa sun ƙi yarda da shi. A 1867 Joseph Lister na birnin Gilasgo ya bayyana yadda ya ke kashe ƙwayoyin cuta a kan rauni da kayan aiki. Daga nan aka soma dafa allura da bututu.

Duk da haka, waɗanda aka yi wa allurar jijiya sukan yi zazzaɓi da rawar ɗari. A 1923 wata masaniya a Amurka, Florence Seibert, ta gano dalili: ko an kashe ƙwayoyin cuta, dafin da suka bari cikin ruwan ya isa ya ta da zazzaɓi. Ta kuma fito da hanyar tace ruwan da za ta raba shi da wannan dafi.

Saboda haka ku riƙe wannan da kyau. Ruwan gishirin asibiti, giram 9 ne na gishiri cikin lita 1 ta ruwan da aka tace a ma'aikata, aka rufe shi ruf. Ruwan gishiri da sukari wanda a ke haɗa wa yaro mai gudawa a gida, na sha ne kaɗai. Ruwan rijiya, ko na famfo, ko na leda, ko an tafasa shi, ba ya shiga jijiya.

Maganin da aka samo daga hanta

Me ya sa jini ke daskarewa? Rahamar Allah ce, domin da ba ya daskarewa, da ɗan yankan reza ya isa ya kashe mutum. Jini in ya tsaya wuri ɗaya, ko ya gamu da baƙon abu, sai ya kama yin guda. Robar jijiya kuwa baƙon abu ce. Da an gama tura magani, ɗan jini yakan koma cikin bakinta ya kwanta. In ba a kore shi ba, sai ya daskare ya rufe hanya.

A 1916 wani ɗalibin likita, Jay McLean, yana aiki a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya sami wani abu cikin hantar kare wanda ke hana jini daskarewa. Aka sa wa maganin suna hefarin, daga sunan hanta a harshen Girka. A tsakiyar shekarun 1930 masana a birnin Toronto na Kanada suka tace shi har aka iya ba mutane. Daga baya aka riƙa barin ɗan kaɗan daga cikinsa a robar jijiya don kada ta toshe.

Ɗan sandan Oksfod

A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan. Florey da Chain da abokan aikinsu a Oksfod su ne suka mai da shi magani. A watan Fabrairu na 1941 suka ba wani ɗan sanda, Albert Alexander, wanda ƙwayoyin cuta suka ci masa fuska. Ta jijiya aka ba shi. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓi ya sauka, ya soma cin abinci. Amma maganin kaɗan ne, ƙoda kuwa tana fid da shi da sauri, har sai da aka riƙa tace fitsarinsa ana ciro maganin ana sake ba shi. Bayan kwana 5 magani ya ƙare. Cutar ta komo, ya rasu a watan Maris.

Wannan labari ya nuna abin da ke faruwa in an yanke magani kafin ya gama aikinsa. Robar da ta toshe tana jawo haka nan: allurar yau ta wuce, ta gobe ta makara, ƙwayoyin cuta su sami sararin farfaɗowa.

Daga ƙarfe zuwa roba

A da, allurar ƙarfe a ke bari cikin jijiya, a ɗaure hannun majinyaci a jikin katako. Da ya motsa sai ta huda jijiyar, hannu ya kumbura. A 1950 Likita David Massa na asibitin Mayo a Amurka ya saka wa allura rigar roba. In an soka, sai a zare ƙarfen a bar robar. Ita ce kakar kanular da ku ke gani yau.

Kanula gajera ce, ta 'yan kwanaki. Amma akwai cututtuka, kamar ruɓar ƙashi da ciwon da ƙwayoyin cuta ke sa wa cikin zuciya, waɗanda ke bukatar allurar jijiya har mako 4 ko 6. Tun a 1929 wani likitan Jamus, Werner Forssmann, ya zura dogon bututu ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa, ya nuna abin yana yiwuwa. A shekarun 1970 aka ƙera dogayen robobi masu laushi waɗanda bakinsu ke kaiwa babbar jijiya kusa da zuciya, suna iya yin makonni a jiki. A 1974 likitoci biyu a Amurka, Rucker da Harrison, suka ba da labarin yaran da ke da ciwon huhu waɗanda suka karɓi allurar jijiya ba tare da an kwantar da su ba. A farkon shekarun 1980 kuma aka fito da seftiriyazon, wanda sau ɗaya a rana yakan isa. Da haka jinyar da a da sai a gadon asibiti ta komo ɗakin mutum, kiyaye robar kuma ya hau kan mai ita da iyalinsa.

Komawa ga gishiri

Hefarin yana da nasa haɗari. In ya yi yawa yana sa zubar jini, waɗansu mutane kuma jikinsu ba ya karɓarsa. A 1991 masana aikin jinya a Amurka suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka tarar ruwan gishiri kaɗai ya isa ya hana gajerar kanula toshewa ga manya. Game da doguwar roba, waɗansu asibitoci har yanzu suna bin ruwan gishirin da hefarin, likita ne ke yanke wannan.

A 2006 aka buga sakamakon wani aiki a ɗakunan masu tsananin ciwo 103 na jihar Mishigan. An sa ma'aikata su bi 'yan ƙa'idodi 5, cikinsu har da wanke hannu, da goge fata da magani, da cire robar da an gama da ita. Cutar jini ta hanyar roba ta ragu da kusan kashi 2 cikin 3.

Abin da ya kamata ku yi

1. Kada kowa ya taɓa robar sai ma'aikacin lafiya, ko wanda aka koya masa a asibiti. Ya wanke hannu da sabulu tukuna.

2. A goge bakin robar da auduga mai sifirit na daƙiƙa 15, a bari ya bushe.

3. A wanke robar da ruwan gishirin asibiti kafin magani, a sake wankewa bayan magani. Na farko yana nuna hanya a buɗe ta ke, na biyu yana kore sauran magani da jini. Waɗansu magunguna in sun gamu a bututu sukan zama gari kamar alli. Seftiriyazon yana yin haka da ruwan ƙari mai sinadarin kalsiyam.

4. Sabon sirinji kowane lokaci, a fid da iskar da ke ciki. A tura kaɗan, a dakata, a sake turawa. Ga doguwar roba, sirinji mai mil 10 a ke so, domin ƙarami yana matsawa da ƙarfin da zai iya fasa ta.

5. In ruwa ya ƙi shiga, a duba ko robar ta lanƙwashe ko an manta maƙallinta a rufe. In ba haka ba ne, kada a danna da ƙarfi. Ƙarfi na iya fasa jijiya ko ya tura gudan jini cikin jiki. A je asibiti a ranar.

6. Kada filasta ta jiƙe. A rufe wurin da leda wajen wanka. Game da alwala, malaman addini sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga mai lalura, ku tambaye su.

7. In kanula ta fita, a danne wurin da auduga mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a mai da ita.

8. In kun ga ja, ko kumburi, ko ruwan miki, ko jijiya ta yi tauri kamar igiya, ko zazzaɓi da rawar ɗari bayan allura, kada ku jira gari ya waye. Ku kai mara lafiya asibiti.

9. Ranar da magani ya ƙare, a je a cire robar. Kada a bar ta don ko za a sake bukata.

Jama'a, tsohuwar Leith da ɗan sandan Oksfod ba su sami abin da ku ke da shi yau a ɗakin shan maganin ƙauyenku ba. Wanda ya ji wannan bayani ya gaya wa wanda bai ji ba, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Amin.