Ilojo Bar: Gidan Da Doka Ta Kasa Karewa A Legas

Duk wanda ya yi ciniki a tsibirin Legas kafin 2016 ya san wani tsohon bene da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda ake kira Ilojo Bar. An gina shi wajen 1855, da salon ginin mutanen Barazil, irin wanda bayin da suka sami 'yanci suka dawo da shi, waɗanda Yarbawa ke kira Aguda. Da farko sunansa Casa do Fernandez, sai a 1933 Alfred Olaiya, mahaifin mawaƙin nan Victor Olaiya, ya saye shi.

A 1956, tun Turawa ba su tafi ba, aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa, bisa dokar 1953. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana a rushe ko a sauya irin wannan gini sai da izinin hukumar. Ita ma Jihar Legas tana da nata: dokar tsara birane ta 2010 ta ce sai da takardar izini ake rusau, a 2011 kuma ta yi dokar kare wuraren tarihi.

To jama'a, duk da wannan tarin dokoki, ranar Lahadi 11 ga Satumba, 2016, jajiberin Babbar Sallah, katafila ta kwantar da gidan. Ofisoshi a rufe, kafin a koma aiki an gama.

Me ya jawo haka? Ni a ganina na ɗan kasuwa, lissafi ne kawai. Sa gida cikin kayan tarihi bai raba shi da masu shi ba. An bar wa magada gini yana tsagewa, ba damar rushewa, gyara kuma sai kuɗi mai yawa, alhali fili ne a tsakiyar kasuwa inda kowane taku kuɗi ne. Maƙwabta na ta tayar da benaye suna karɓar hayar shaguna. Sannan mai tsaron tarihin hukumar tarayya ce, mai ba da izinin gini da rusau kuma ta jiha ce. Inda masu gadi suka yi yawa, kowa sai ya dogara da ɗan uwansa.

Kada mu ce ba ruwanmu. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, shi ma ginin Aguda ne, kuma wannan doka ta 1979 ce garkuwarsa. Ita ce dai ke tsaron ganuwar Kano, kowa kuwa ya ga yadda aka cinye ta. Muddin mai gida bai ga amfanin barin gininsa a tsaye ba, takarda kaɗai ba ta tare katafila. Allah Ya sa mu gane. Wassalam.