Su a Ƙasar da Babu Kogi

Wanda ya tsaya a Gugaram da rani, ya dubi duwatsun Abzin ta gabas, ya waiwaya ya ga fili shimfiɗe har ƙarshen ganinsa, babu motsi sai na raƙuma da awakin Buzaye masu neman rijiya, da wuya hankalinsa ya yarda cewa su yana cikin sana'o'in da suka fi daɗewa a wannan ƙasa, alhali kuwa hujjojin da ke tabbatar da haka sun fi na sana'o'i da yawa ƙarfi. A Tamaya Mellet, cikin kwarin Azawak da ke yamma, an tsinci zaguna na ƙashi. A Adrar Bus, inda tawagar Desmond Clark ta yi tono a 1970, an sami irinsu a gefen tsohon tafki. Amma babbar bayyina ita ce ta Gobero, wadda Paul Sereno ya ci karo da ita a shekarar 2000 yana neman ƙasusuwan dabbobin farkon zamani: maƙabarta ce mai kabari wajen 200, wadda mutanenta na farko suka zauna a bakin ruwa tun kimanin shekara 9,500 da suka shige, suna sukar giwan ruwa da tarwaɗa, kuma ƙayoyin abin da suka ci suna nan warwatse a kan rairayi, farare fat kamar an wanke su jiya.

Da damina ta ja baya, kimanin shekara 4,500 ke nan, tafkuna suka ƙafe, masunta suka watse, kifi ya maƙale a 'yan kududdufan duwatsu waɗanda Buzaye ke kira agelmam. Malaman Faransa sun daɗe suna bin irin waɗannan wurare a Tasili da Tibesti da Enedi, da koma da kwalabe, har Jacques Pellegrin ya sa wa wani ƙaramin kifi sunan hamada a 1909. Aiki ne na wahala, kuma, in za a faɗi gaskiya, mai ɓarna: kududdufin da kifinsa bai taka kara ya karya ba, a kwashe goma a jiƙa a magani don ilmi!

Sai a 2008 wasu masana a Faransa suka nuna cewa ana iya gane wani irin kwaɗo a cikin tafki ba tare da an gan shi ba, domin duk mai rai yana zubar da majina da ɓawo da kashi, a cikinsu kuwa akwai sinadarin gado da ake kira DNA. A ɗebi ruwa lita ɗaya ko biyu, a tura shi ta matata, a kai matatar ɗakin bincike, a karanto sunayen mazauna ruwan. A ma'aunin fiƙihu wannan ƙarina ce, ba ta kai shaidar ido ba, domin zafi da hasken rana suna lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki, ba ya faɗin adadin kifi filla-filla, kuma kifin da ba a taɓa rubuta nasabarsa a kundi ba yakan fito kamar ruwayar da babu isnadi. Duk da haka, ga kududdufai da dausayoyin Abzin, waɗanda aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 2005, na fi son matata a kan koma.

Arlit kuwa, wadda aka kafa saboda yuraniyom, inda kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, kamfanin Cominak ya biyo baya a Akokan har ya rufe a 2021, ruwan da garin ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da sama ke zuba a nan. Matafiyi mai zuwa garin daga Tawa, in yana marmarin kifi, a Tabalak zai tsaya, inda ake soya karfasa a bakin kwalta, a barbaɗa mata yaji, a naɗe masa a takarda kafin direba ya danna oda.