Tashin Zangon Lome a 1977 da rajistar da ba a rubuta ba

Fatake Hausawa sun sauka a Lome tun garin yana 'yar kasuwa a bakin teku, kafin Jamusawa su mayar da shi babban birnin Togo a 1897. Wurin da suka yada zango shi ya zama unguwa, kuma babban aikin unguwar shi ne ba wa baƙo adireshi. Wanda ya gangaro daga Kano ko Maraɗi da shanu ba ya tambayar sunan titi, cewa yake yi a nuna masa gidan Alhaji wane. Maigida ya ba shi ɗaki da tabarma, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan mahauci ya ɗauki sa bashi. Ran da ya gama ciniki ya kama hanya, a share ɗakin a ba wa wani. Duk mai neman baƙon nan, ko mai bin sa bashi, ƙofar maigidan zai nufa.

Masu aikin kwamfuta sun san irin wannan tsari. Tun 1993 akwai ƙa'idar DHCP, wadda da ita na'ura ɗaya ke ara wa kowace kwamfuta lambar adireshi na ɗan lokaci. Idan za a mayar da aikin kan sabuwar na'ura, sai an fara kwashe rajistar wanda ke riƙe da wace lamba, in ba haka ba saƙo ya rasa mai shi. Abin da gwamnatin Janar Eyadema ba ta yi ba ke nan a 1977, lokacin da ta rushe tsohon zango da ke tsakiyar birni ta tura mutanensa arewa, wajen Togblekope, kusan kilomita 15 a kan hanyar Atakpame. An nuna fili, amma rajistar zango tana cikin kawunan masu gida, kuma amfaninta ya rataya a kan kusanci da babbar kasuwa. Maigidan da ke takawa da ƙafa ya sasanta ciniki tsakanin azahar da la'asar ya koma sai ya nemi mota. Shi ya sa ba kowa ne ya bi umarnin zuwa sabon wurin ba. Wasu sun watsu cikin unguwannin birni. Masanin nan ɗan Faransa, Michel Agier, ya yi bincike a kan 'yan kasuwar zangon bayan tashin, kuma littafinsa na 1983 ya nuna yadda ciniki ke tafiya a kan zumunci da amana tsakanin maigida da mutanensa.

Za a ce tsohon zango ya cunkushe, kuma birni mai girma yana buƙatar filin tsakiyarsa. Gaskiya ne, ga manyan gine-ginen bankuna nan a wurin. Sai dai cunkoso magudanar ruwa da tituna yake nema, balle a ce wurin da aka kai mutanen yana gefen kogin Zio, inda ambaliya ke shiga gidaje. Za a kuma ce ai sabuwar unguwar, Agoe-Zongo, ta bunƙasa, da masallatai da makarantu da kasuwanni, har birnin ya cim mata. Wannan ma haka ne, amma yabon na masu gida ne da malamai da matan da suka ci gaba da dafa wa baƙi tuwo a filin da babu inuwa. Su suka ɗauki rajistar a ka suka sake kafa ta da kuɗin aljihunsu.

Hukumomin da ke shirin tayar da kasuwa ko unguwa a Kano, Yamai ko Lome su fara zama da masu gida da sarakunan zango, su ji wa ke sauka wurin wa, kafin su aika motar rusau.