Yadda ake cike gurbin sarkin kanto a gundumomin Tasawa da Mayahi

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, perfe da kwamandan jandarma ma'aikatan gwamnati ne: idan kujerarsu ta zama babu kowa, daga Yamai ake turo wani. Kujerar sarkin kanto ta bambanta. Ba a gadonta kai tsaye daga uba zuwa ɗa, kuma gwamnati ba ta naɗa wanda ta ga dama. Abu uku ne ke haɗuwa kafin a samu sabon sarki: jinin sarauta, ƙuri'ar masu gari, da sa hannun hukuma.

Dokar da ake bi

Tsarin sarautar gargajiya a Nijar ya dogara da doka mai lamba 2015-01 ta ranar 13 ga Janairu 2015, wadda ta maye gurbin dokar 93-28 ta ranar 30 ga Maris 1993. Dokar ta sanya sarakuna cikin tsarin mulkin ƙasa, ƙarƙashin kulawar ofishin ministan cikin gida. Ta shafi kantonin Tasawa, Korgom da Urafan a gundumar Tasawa, da na Mayahi da Kananbakashe a gundumar Mayahi, kamar yadda ta shafi sauran kantonin ƙasar.

Sarautar ba ta da wa'adi. Gurbi yana samuwa ne idan sarki ya rasu, ko ya yi murabus, ko hukuma ta tuɓe shi saboda babban laifi. Kafin a yi zaɓe, akan ɗora mai riƙon ƙwarya domin kada aikin fada ya tsaya. A al'adance kuma, ba a cika tayar da maganar gado a fili ba sai an gama zaman makoki.

Wa ke iya tsayawa takara?

Ba kowane mai kuɗi ko mai ilimi ne ke iya neman kujerar ba. Dole ɗan takara ya kasance ɗan Nijar, ɗan wannan masarauta, wanda al'adar wurin ta yarda cewa yana da haƙƙin gado. Yakan haɗa takardunsa, ciki har da takardar haihuwa, da ta shaidar ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi kan mummunan laifi ba. Ana bincike kan asali da halin kowane mai nema, galibi ta hannun jandarma, sannan ministan cikin gida ya fitar da sunayen waɗanda aka amince su tsaya. A gidajen sarauta masu rassa da yawa, ba abin mamaki ba ne a ga ƴan'uwa da baffanni suna karawa da juna.

Wa ke jefa ƙuri'a?

Talakawan kanto ba sa zaɓen sarki da kansu. Masu zaɓe su ne masu gari, da masu unguwanni, da shugabannin ƙabilun makiyaya da ke ƙarƙashin kanton, muddin hukuma ta san da naɗinsu. Su kuwa masu garin, magidanta ne ke zaɓensu. Ranar zaɓe hukumomin jiha ne ke sa ido, ana jefa ƙuri'a a asirce, a ƙirga a gaban jama'a. Wanda ya yi nasara ba ya zama sarki a idon doka sai ministan cikin gida ya sa hannu kan ƙudurin naɗinsa. Bikin naɗin rawani yana biyo baya.

A nan ne tsarin ya sha bamban da na maƙwabta. A Kano da Katsina, masu zaɓen sarki suna miƙa sunaye, gwamna ya yanke hukunci, hakimai kuma daga fadar sarki naɗinsu ke fitowa. Ko a cikin jihar Maraɗi, sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi tana da nata masu zaɓe na gargajiya: Ƙaura, Galadima, Durɓi da Ƴandaka.

Inda rigima ke tasowa

Yawancin ƙorafi yana fitowa ne daga wuri biyu: wanda aka cire daga takara da hujjar ba ɗan gado ba ne, da kuma jerin masu zaɓe. Tun da masu ƙuri'ar ba su da yawa, ƙauye ɗaya da ba shi da maigari, ko sabon maigarin da ake jayayya kan naɗinsa, yana iya juya sakamako. Wanda bai gamsu ba yana da damar ƙalubalantar ƙudurin minista gaban babbar kotun da ke duba ƙararrakin mulki. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Conseil d'Etat ce ke wannan aiki, daga baya ya koma hannun Cour d'Etat.

Abin da ya sa gurbin ya shafi kowa

Sarkin kanto ba alƙali ba ne, amma doka ta ba shi ikon sasanta rigingimun gado, aure da filaye, a rubuta abin da aka daidaita a kai. Yana da kujera a kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanada, yana taimakawa wajen karɓar haraji, kuma shi ne ke fara jin labari idan hankali ya tashi a ƙauye. A ƙasar Tasawa da Mayahi, inda gonakin gero suka matse burtali, lokacin kaka ne dabbobi ke shiga gona kafin a kwashe amfani. Idan gurbi ya daɗe, ko aka naɗa sarkin da rabin masu gari ba su yarda da shi ba, irin wannan rigima da ake kashewa a ƙofar fada sai ta wuce zuwa jandarma da kotu, da kuɗin mota da ɓata kwanaki. Shi ya sa magidancin da ke zaɓen maigarinsa yau, a zahiri yana zaɓen wanda zai jefa ƙuri'a a madadinsa ranar da kujerar kanto ta faɗi.