Kalaman miƙa kyauta a Turancin Ingila da abin da suke nufi

Baturen Ingila kan rage wa kyautarsa daraja lokacin miƙa ta. Yakan ce "just a little something", wato ɗan abu ne kaɗan, ko da ya kashe kuɗi masu yawa. Mai karɓa kuma yakan amsa da "you shouldn't have". A zahiri cewa yake bai kamata ba, amma godiya ce tsantsa, daidai da "har da ɗawainiya?" a bakin Bahaushe.

Mai bin siyasa ya fi buƙatar sanin "no strings attached", wato kyauta babu sharaɗi, iƙirarin da ba kasafai ake gaskata shi ba idan mai mulki ne ya karɓa. Akwai kuma "freebie", abin da aka samu a ɓagas, kalma mai ɗauke da zunɗe. Ita jaridun Birtaniya suka riƙe a 2024, bayan ta bayyana cewa Firaminista Keir Starmer ya karɓi tufafi da tabarau daga attajiri Waheed Alli. Daga bisani ya biya sama da fam 6,000 na wasu kyaututtukan. Ƙa'idar majalisar ƙasar ta wajabta bayyana duk kyautar da ta haura fam 300 cikin kwana 28.